SHIN MUTUM NE YA ƘIRƘIRO ALLAH, KO ALLAH NE YA HALICCI MUTUM?



Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga Mass na biyu, wata uwa daga cikin Zumuntar Mata ta tsaya a ƙofar gidan Fada, ta ƙi tafiya har sai da jama'a suka watse. Da muka gaisa sai ta ce, "Fada, ɗana ya dawo hutu daga jami'a, ya ce ba zai ƙara taka ƙafa a coci ba. Wai Allah tunani ne kawai da tsoro ya haifa a zukatan mutanen dā, Turawa kuma suka kawo mana shi don su mallake mu. Ni ban yi boko ba, ban san abin da zan ce masa ba. Awakina biyu na sayar na biya masa kuɗin makaranta. Ashe kuɗin rabuwa da Allah na biya?"

Na san ba ita kaɗai ke ɗauke da wannan nauyi ba. Akwai iyaye da yawa a Ekklesiyoyinmu da ke kwana da shi, akwai kuma samari da 'yan mata da ke zuwa sujada da jikinsu, amma tambayar tana cin su a zuci, suna tsoron furta ta kada a ce sun yi saɓo. Saboda su na rubuta wannan. Tambayar ita ce: daga ina tunanin Allah ya shigo zuciyar ɗan Adam? Ekklesiya ba ta taɓa hana 'ya'yanta yin wannan tambaya ba. Manyan waliyyanta sun yi ta, sun ƙare rayuwarsu a kanta.

SUNAN DA AKA TARAR A ƘASA

Mu fara da abin da babu gardama a kansa. Duk inda aka je a duniya, an tarar mutane suna ɗaga ido zuwa ga abin da ya fi ƙarfinsu. A kogon Kafze, kusa da Nazarat inda Ubangijinmu ya girma, masu tonon tarihi sun sami kaburbura da aka ƙiyasta shekarunsu sun kai 90,000 zuwa 100,000. A ɗaya daga cikinsu an binne wani yaro, aka ɗora masa ƙahonin wata dabba irin barewa a ƙirji. Dabba takan bar gawar 'yar'uwarta ta wuce. Waɗannan mutane kuwa sun tsaya, sun haƙa rami, sun yi wa mamacinsu guzuri. Alama ce cewa tun a wancan zamani mutum bai yarda mutuwa ce ƙarshen magana ba.

Batun cewa Turawa ne suka kawo mana Allah kuwa, tsofaffinmu ma za su iya amsa shi. Limaman ƙungiyar SMA sun kafa mishan a Shendam a 1907. Da su da waɗanda suka biyo bayansu, duk ƙabilar da suka shiga sun tarar da sunan Mahalicci yana jiransu. Berom na kiransa Dagwi, Ngas na cewa Nen, Atyap na cewa Agwaza, Bajju na cewa Kazah, Ham na cewa Nom, Tibi na cewa Aondo, Nufawa na cewa Soko. A kudu Yarabawa na cewa Olodumare, Ibo na cewa Chukwu. Babu ɗaya daga cikin sunayen nan da ya zo a jirgin ruwa. Masu bishara sun kawo labarin Yesu, amma da suka tashi fassara addu'o'i da Littafi Mai Tsarki, sunayen da kakanninmu ke rantsuwa da su suka ɗauka.

To, tunanin ya daɗe, ya kuma game duniya. Daga ina ya fito?

ABIN DA MASANA SUKA CE

Tun kimanin shekara 500 kafin haihuwar Almasihu, wani Baheleni mai suna Zenofanis ya lura cewa kowace al'umma tana siffanta allolinta da kamanninta: baƙar fata da baƙaƙen alloli, masu jan gashi da alloli masu jan gashi. Har ya yi ba'a cewa da shanu da dawakai sun iya zane, da allolinsu sun fito da ƙaho da kofato.

A 1841 wani Bajamushe, Ludwig Feuerbach, ya ɗauki wannan magana ya kai ta ƙarshe. A ganinsa mutum ya tattara duk abin da yake sha'awa a kansa, wato iko da sani da ƙauna da rai madawwami, ya jefa su sama, ya durƙusa wa inuwarsa. Karl Marx ya ƙara da cewa talauci da zalunci ne ke sa mutane neman addini, kamar yadda mai ciwo ke neman abin da zai gusar masa da zafi. In an kawar da zalunci, addini zai mutu da kansa. A 1871 Edward Tylor na Ingila ya ce asalin abin mafarki ne: mutumin dā ya ga mahaifinsa da ya rasu a mafarki, sai ya ɗauka akwai kurwa, daga kurwa aka kai ga iskoki, daga iskoki zuwa alloli da yawa, daga ƙarshe aka tsaya kan Allah ɗaya. A 1927 kuma likita Sigmund Freud ya ce mutum yaro ne da bai gama girma ba; da ya ga mahaifinsa na duniya ba zai iya kare shi daga cuta da mutuwa ba, sai ya ƙago wani uba a sama.

Ba a bar waɗannan maganganu haka ba. A 1898 Andrew Lang ya nuna cewa akwai al'ummomi masu zaman farauta, waɗanda bisa lissafin Tylor bai kamata a ce sun wuce matakin kurwa ba, amma ga shi sun san Mahalicci ɗaya, uban kowa, mai hana mugunta. Wani limamin Katolika, Fada Wilhelm Schmidt na ƙungiyar SVD, ya ba da rayuwarsa ga wannan bincike. Ya rubuta littafi mai mujalladi 12 a kan asalin tunanin Allah. Na farko ya fito a 1912, na ƙarshe a 1955, shekara guda bayan rasuwarsa. Ya tattara shaida daga mazauna kurmin Kwango, da tsibiran Andaman, da 'yan asalin Ostareliya, da can ƙarshen Kudancin Amurka. Ra'ayinsa na cewa dukan 'yan Adam da bautar Allah ɗaya suka fara bai sami karɓuwa wurin yawancin masana ba, gama al'adun mutanen yau ba su isa su zama hoton mutanen farko ba. Amma shaidar da ya tara ta rushe tsanin nan na Tylor. Ta tabbata cewa sanin Mahalicci bai jira zuwan birane da rubutu ba.

GASKIYAR DA KE CIKIN ZARGIN

'Yan'uwa, kada mu yi saurin cewa waɗannan mutane maƙiyan Allah ne, mu toshe kunne. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai gaskiya mai ɗaci a bakinsu, kuma annabawa sun riga su faɗinta. A sura 44 ta littafinsa, Annabi Ishaya ya ba da labarin mutumin da ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, sauran rabin kuma ya sassaƙa shi ya faɗi a gabansa yana roƙon ceto. Ishaya ya san mutum yana iya ƙera allah, tun kafin a haifi Feuerbach da shekaru fiye da dubu biyu.

Mu ma muna sassaƙa namu, ko da ba da gizago ba. Akwai mai riƙe da Allah kamar laya: ya rataya Rosari a mota, amma bai san hanyar gidan maƙwabcinsa mara lafiya ba. Akwai mai ɗaukarsa kamar ɗan kasuwa: na ba ka baiko, ka ba ni ƙarin girma a ofis, in ba ka ba ni ba na koma wani wuri. Mafi muni shi ne allahn ƙabila, wanda ke ƙin duk wanda muke ƙi, yana sa albarka ga addarmu ranar rikici. Wannan ƙasa ta ga jinin da aka zubar da sunan Allah, ta ga majami'u da masallatai sun zama toka. Saurayin da ya ga haka ya ce ba ya son wannan allah, ni ma ba na son sa.

Majalisar Batikan ta Biyu ba ta ɓoye wannan ba. A takardarta ta 1965 game da Ekklesiya a duniyar yau, ta yarda cewa masu bi suna da hannu a yaɗuwar rashin bangaskiya, ta wurin sakaci da koyon addininsu, da koyar da shi a karkace, da zaman da ya saɓa wa abin da suke furtawa, har sukan rufe fuskar Allah maimakon su bayyana ta. Kafin mu tuhumi malaman jami'a, mu tambayi kanmu wane irin Allah 'ya'yanmu suka gani a tsakar gidanmu.

INDA ZARGIN YA GAZA

Duk da haka akwai wani rami a cikin dukan waɗannan bayanai, kuma ramin iri ɗaya ne. Sanin hanyar da wani tunani ya bi ya shigo kanka bai gaya maka ko tunanin gaskiya ne ko ƙarya ba. Da yawa daga cikinmu tsoron bulalar malam ne ya sa muka haddace cewa bakwai sau takwas hamsin da shida ne. Tsoro ne ya koya mana, amma lissafin daidai yake. In an ce tsoro ko mafarki ko kewar uba ne ya fara juya fuskar mutum sama, an faɗi ta wace ƙofa baƙon ya shigo, ba a faɗi ko wane ne baƙon ba. Masu nazarin tunanin yara a zamaninmu sun nuna cewa ƙananan yara, tun ba a koya musu ba, sukan ɗauka cewa duwatsu da ruwa da dabbobi an yi su ne don wani dalili. Mara bangaskiya zai ce ga shi nan, ƙwaƙwalwa ce ke ruɗinmu. Mai bi zai ce in Allah yana so a neme shi, ai haka zai gina ƙwaƙwalwar. Binciken bai raba gardamar ba.

Na biyu, wuƙar Freud kaifi biyu gare ta. In mai bi yana son a ce akwai uba a sama don ya ji sanyi, to azzalumi ma yana son a ce babu alƙali a sama don ya yi barci. Wanda ya ci kuɗin marayu, wace amsa ce ta fi masa daɗi? In buri ya isa ya ɓata hujja, to ya ɓata ta kowa.

Na uku, da mu muka ƙera Allah don jin daɗinmu, da mun ƙera mai sauƙin hali. Wane ne zai zauna ya ƙago wa kansa Allahn da zai umarce shi ya gafarta wa wanda ya ƙone masa gida, ya tsaya ga mace ɗaya har mutuwa, ya mayar da abin da ya ci ba bisa haƙƙi ba? Wane ne zai ƙago Allah da aka tofa wa yau, aka rataye a kan itace tsakanin ɓarayi biyu? Gumakan da mutum ke ƙerawa sukan yarda da maƙerinsu a kan kome. Allahn Ibrahim kuwa yakan tsauta wa masu bautarsa fiye da kowa.

Annabcin Marx ma an gwada shi. A 1967 gwamnatin Albaniya ta rufe dukan majami'u da masallatai na ƙasar, ta hana addini da doka. An ɗaure limamai, an kashe waɗansu, babbar majami'ar birnin Shkodra aka mai da ita ɗakin wasanni. Yara suka tashi ba su taɓa ganin baftisma a fili ba. A watan Nuwamba 1990, tun mulkin bai gama faɗuwa ba, wani Fada da ya yi shekaru fiye da ashirin a kurkuku ya miƙa hadayar Mass a maƙabartar birnin, jama'a suka yi dafifi. A 1993 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa bishop huɗu a cikin wannan majami'a da aka yi wasan ƙwallo a cikinta. Wannan bai zama hujjar cewa akwai Allah ba, amma ya nuna ƙishin ya fi zurfin da Marx ya zata.

ƘOFOFI UKU

In ba tsoro kaɗai ba ne, mene ne ke sa tunanin Allah ya yi ta tsirowa ko an sare shi? Koyarwar Ekklesiya ita ce akwai abubuwan da ke gaban kowane mutum, mai ilimi da wanda bai je makaranta ba, waɗanda ke tura hankalinsa can.

Ƙofa ta fari ita ce duniyar kanta. Iyayenmu mata sun tuna zamanin da ashana ke da wuya, ana zuwa maƙwabta ɗiban wuta a tsingaro. A ce ka shiga gari ka tambayi gidan farko inda suka sami wuta, su ce daga gida na biyu. Na biyu su ce daga na uku. Haka har ka zaga gari. In kowane gida aro ya yi, babu ko ɗaya da ke da ƙyastu, to da babu wuta a garin sam. Amma ga hayaƙi yana tashi. Haka kasancewa take. Ni ban ba kaina rai ba, iyayena ma karɓa suka yi. Dawa daga iri take, iri daga dawa, su biyun kuma suna jiran ruwa da rana. Duk abin da ido ke gani yana iya kasancewa, yana iya rashin kasancewa. Zamansa na aro ne. Tilas akwai Wanda kasancewa tasa ce, bai karɓa daga kowa ba. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya shimfiɗa wannan cikin hanyoyinsa biyar. Ya kuma amfana da rubutun Ibn Sina, masanin Musulmi da ya rasu a 1037, wanda ya kira Allah Wajibul Wujudi, kalmar da malaman tauhidi ke karantarwa a zaurukan Kano da Zariya har yau.

A lura, maganar Toma ba ta tsaya ga farkon zamani ba. Dubi mace ɗauke da tulu: tulu na kan gammo, gammo na kan kai, kai na kan wuya, ita kuma tana kan ƙasa. A janye ƙasar, duka su zube a lokaci guda. Allah yana riƙe da mu a wannan numfashin da muke ja yanzu. Wanda ya tambaya, "To wa ya halicci Allah?" tambayarsa kamar ta mai cewa ne, daga wane gida mai ƙyastu ya ɗebo wuta? Abin aro ne ke bukatar mai shi.

Kimiyya ba ta rufe wannan ƙofa ba. Wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, daga baya kuma ya kawo ra'ayin cewa daga ɗigo ɗaya ya faro, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam, Fada Georges Lemaître. Yau masana sun ƙiyasta shekarun sararin a biliyan 13.8. Shi kansa Lemaître ya ƙi yarda a mai da bincikensa hujjar addini, domin ya san kimiyya tana bayyana yadda abubuwa ke gudana ne. Dalilin da ya sa akwai wani abu tun farko, wannan tambaya ce da babu madubin hangen nesa da zai hango amsarta.

Ƙofa ta biyu ita ce lamiri. Mai awon hatsi ya danne mudu, mai saye bai gani ba, babu ɗan doka kusa, ribarsa ta shiga aljihu. Da dare ya kwanta sai wani abu ya hana shi sakewa. Kunyar wa yake ji, alhali ba wanda ya gan shi? Waliyyi John Henry Newman, wanda aka sa cikin waliyyai a 2019, ya daɗe yana tunani a kan wannan. Ya lura cewa ba ma jin kunyar dutse, ba ma neman gafarar itace. Kunya da nadama sai a gaban wani. In muna jin su a inda babu kowa, to akwai Wani da muke tsaye a gabansa. Wani zai ce tarbiyya ce kawai. Amma sau nawa lamiri ya tashi ya saɓa wa tarbiyya, ya sa mutum ya ɓoye maƙwabcinsa na wani addini a ɗakinsa ranar da dukan unguwa ke neman jininsa? Wannan murya ba ta unguwa ba ce.

Ƙofa ta uku ita ce ƙishin da ba ya ƙarewa. Akuya in ta ƙoshi sai ta kwanta ta yi tuƙa. Mutum kuwa mai keke yana son babur, mai babur yana son mota, mai mota yana kwana ba barci. Waliyyi Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Ya nemi ƙoshi a ilimi, da suna, da mata, da muƙami a Milan, duk ya samu, bai ƙoshi ba. Daga baya ya gane cewa an yi zuciyar mutum da girman da babu abin duniya da zai cika ta, domin Mai ita ya yi ta ne don kansa. Feuerbach ya dubi wannan ƙishi ya ce shi ya haifi mafarkin rijiya. Amma yunwa tana da tuwo, ƙishi yana da ruwa, ido yana da haske. Zai zama abin mamaki a ce buri mafi zurfi a cikinmu shi kaɗai ne ba shi da abin da ke amsa masa.

Saboda haka Majalisar Batikan ta Ɗaya ta koyar a 1870 cewa hankalin ɗan Adam yana iya sanin Allah da tabbaci ta wurin abubuwan da ya halitta. Haka Littafin Hikima ya koyar a sura 13, haka kuma Manzo Bulus a farkon wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Bangaskiyarmu ba ta ce mu ajiye hankali a ƙofar majami'a tare da takalmi ba.

DAGA ZAURE ZUWA CIKIN GIDA

Amma hankali yana da iyaka, Ekklesiya kuma ta san haka. Majalisar Lateran ta Huɗu ta faɗa a 1215 cewa duk kamannin da za a samu tsakanin Mahalicci da halitta, bambancin da ke tsakaninsu ya fi shi girma. In mun ce Allah uba ne, ko sarki, ko makiyayi, gaskiya muka faɗa, amma da kalmomin aro. Shi kansa Toma, a ƙarshen 1273, ya ajiye alƙalami bai ƙarasa babban littafinsa ba, ya gaya wa abokin aikinsa cewa in an gwada da abin da aka nuna masa, duk abin da ya rubuta kamar ƙaiƙayi ne. Wannan ce amsar da ta dace da Zenofanis: lalle muna zana Allah da kamanninmu, amma mai bi na gaskiya ya san zanen ba shi ne Mai zanen ba.

Harshen Hausa ya ba mu kalma mai zurfi. Ubangiji, asalinta uban giji ne, wato uban gida. Baƙon da ya iso gari ya ga katanga a shafe, rumbu a cike, dabbobi a ɗaure, zai san gidan nan yana da mai shi, kuma mai shi ba rago ba ne. Iyakar abin da zai sani ke nan daga waje. Zai tsaya a zaure ya yi sallama. Sunan maigidan, da halinsa, da ko zai karɓe shi, sai in maigidan ya fito da kansa. Hankali yakan kai mutum zaure. Kakanninmu sun iso zauren nan, sun san akwai Maigida, amma da yawa sun ɗauka ya yi nisa ƙwarai, sai suka riƙa kai hadayarsu ga iskoki da dodanni a matsayin 'yan aike.

Albishir ɗin da muke riƙe da shi shi ne Maigida ya fito. Ya kira Ibrahim. Ya yi magana da Musa daga cikin kurmi mai cin wuta, ya ba shi suna wanda ma'anarsa ta dace da abin da masu hikima suka hango daga nesa, wato shi ne Mai kasancewa. A cikar zamani kuma ya zo da kansa cikin Yesu Almasihu. Da Bulus ya isa Atina, kamar yadda sura 17 ta Ayyukan Manzanni ta nuna, ya ga bagadin da aka keɓe wa allahn da ba a sani ba. Bai zage su ba. Ya tsaya a Tudun Arasa gaban masanan birnin, ya fara daga bagadin nan nasu, ya nuna musu cewa wanda suke lalube a duhu bai yi nisa da kowa ba. Da ya kai ga tashin matattu waɗansu suka yi dariya, waɗansu suka ce sai wani jiƙon, kaɗan suka ba da gaskiya, cikinsu har da Diyonisiyus da wata mace mai suna Damaris. Ko Bulus bai rinjayi kowa da hujja ba.

Akwai kuma tambayar da ta fi dukan na littattafai nauyi: in akwai Allah, me ya sa jariri ke mutuwa da zazzaɓi, me ya sa mugu ke tsufa cikin daula? Hanyoyi biyar na Toma ba za su share hawayen uwar da ta binne ɗanta ba. Abin da Ekklesiya ke da shi a nan shi ne gicciye. Allahn da muke bauta wa ya san ƙishi, ya san cin amana, ya san kabari, ya kuma fito daga cikinsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ku iyaye, kada ku kori ɗan da ya zo da tambaya, kada ku ce masa kafiri. Monika, mahaifiyar Agustin, ta ga ɗanta ya bi wata ƙungiyar ɓata har shekara tara. Ta je wurin wani bishop tana kuka ya yi masa magana, bishop ɗin ya shawarce ta ta bar shi tukuna ta ci gaba da addu'a, domin karatun da ya kai shi can shi zai dawo da shi. An yi wa Agustin baftisma a Milan daren Ista na 387, yana da shekara 32. Abin da na gaya wa uwar nan ke nan: ta ci gaba da dafa masa tuwo, ta ci gaba da durƙusawa dominsa, ta kuma ce masa ƙofar Fada a buɗe take in yana son gardama.

Ku matasa, in za ku yi shakka, ku yi ta da gaske. Wanda ya karanta Marx da Freud bai karanta Agustin da Toma ba, shari'a ya yanke bayan ya ji ɓangare ɗaya. Ku tambayi katikis, ku tambayi Fada, ku buɗe Katikizim na Ekklesiyar Katolika da aka fitar a 1992, wanda ya fara da wannan batu na ƙishin mutum ga Allah. Ku kuma gwada yin addu'a, ko da ta mai cewa in kana nan ka nuna mini ce.

Mu duka kuma mu tuna cewa Majalisar Batikan ta Biyu ta shaida a 1964 cewa Musulmi suna sujada tare da mu ga Allah ɗaya, mai jinƙai, wanda zai yi wa 'yan Adam shari'a a ranar ƙarshe. Muna da bambanci na gaske da su game da Almasihu, ba za mu ɓoye shi ba. Amma wanda ya san Allah ya fi tunaninsa girma ba zai ɗauki makami don kare shi ba.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai ne ka sa ƙishinka a cikin kakanninmu tun ba su ji sunan Ɗanka ba. Ka farfashe gumakan da muka sassaƙa a zukatanmu. Ka yi haƙuri da 'ya'yanmu masu nema, ka ba iyayensu haƙurin Monika, ka sa zamanmu ya daina rufe musu fuskarka. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.